Hoton da Na Ce Bayan Kufena Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da natsuwa. Ya tsare ki a tafiyar da za ki yi jibi, Ya sauke ki lafiya a ƙasar da za ki yi karatu, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke muna raye.

Na san za ki yi mamaki. Tsakanin zaurena da ɗakinki bai fi taku ashirin ba, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa kamar wanda ke Ikko. Na gwada da baki har sau uku a makon nan. Duk lokacin da kika kawo mini abinci kika durƙusa, sai in buɗe baki in ji kaina ina tambayarki ko an gama ɗaure akwati. Kin san ubanki, shekara arba'in yana zanen riga, hannunsa ya fi bakinsa iya magana. Shi ya sa na bar wa hannun.

Nasihar riƙe salla da zaɓen ƙawaye Innarki ta yi miki, har da gyara. Ni abin da nake da shi na ba ki shi ne laifina. Guda ɗaya ne, amma ya hayayyafa, kuma shekara tara ke nan ina ɗauke da shi. Ba na son ki hau jirgi da shi a tsakaninmu.

Kina shekara goma sha biyar lokacin da kika kamu da son motar nan mai taya shida da aka aika duniyar Mars, wadda ba kowa a cikinta, daga nan duniya ake gaya mata inda za ta bi. Yayanki ya bar miki tsohuwar wayarsa, ke kuwa kullum kika dawo makaranta sai ki duba inda ta kwana da hotunan da ta aiko. Sai kika fara kwasar takardun buhun siminti da nake gwajin zane a kansu, kina manna su da ƙullun rogo, kina zana hanyarta. Kowane zango ki ɗiga masa ɗigo, ki rubuta lambar rana a gefe. Inda ta tsaya ta daɗe ki kewaye shi. Inda ta kauce wa rairayi ki nuna yadda ta yi gwiwa ta zagaya. A hankali takardar ta yi tsawo har ta kusa kai tabarmar salla biyu, kina naɗe ta kina sa ta a bayan gado.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar zana aska takwas a kan wata farar shadda, kika shigo zaure da takardarki, kika ce, “Baba, yaya ake zana tudu a gane tudu ne, ba kwari ba? Nawa duk kamar ƙwai suke fitowa.”

Uwata, a duk unguwarmu ta Limancin Kona babu wanda ya fi ni sanin amsar wannan tambaya. Layi ne kawai, a matse shi inda gangare ya yi tsanani, a sake shi inda ƙasa ta kwanta. Minti biyar ya isa in nuna miki. Amma ban ko ɗaga kai ba, na ce ki kwashe mini tarkacenki kada tawada ta zuba a rigar mutane. Kika ce to, kika fita. Rigar nan yanzu ko mai ita ban tuna ba. Don haka in wata rana wani ƙarami ya zo miki da tambaya a kan abin da kika iya, ki ajiye abin da ke hannunki ki dube shi. Aiki yana jira, amma mai tambaya in aka kore shi sau ɗaya ba lalle ya dawo ba.

Wannan ƙarami ne a kan abin da ya biyo baya.

Kin san majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Tanimu, inda muke zama bayan la'asar. Wata rana na manta tabarauna a gida, Innarki ta aiko ki da shi. Aka yi dace abokina Malam Yohanna, tsohon malamin makarantar nan na Wusasa, ya zo karɓar rigarsa ya zauna tare da mu. Ya ji labarin motar a rediyo, kuma ya san kina bin ta. Ya ce, “'Yata, yau ina direba ta kai mu?”

Kika durƙusa kika buɗe wayar. Har yanzu ina ganin hoton: tuddai jajaye a jere, wani bayan wani, ga sawun taya biyu ya taho daga nesa ya hau wani gangare. Waya ta yi ta zagaya hannuwa. Dattawa suka shiga yi miki tambaya, kina amsawa kanki a ƙasa. Kika ce ba ta gudu, wani lokaci tafiyar yini guda ba ta kai daga nan zuwa bakin masallaci ba. Kika ce sai ta tsaya ta ɗauki hoton gabanta, mutanenta su duba su yi shawara, sannan su ce mata ta matsa. Kika ce faɗuwar rana a can shuɗiya ce. Aka yi ta salati.

Sai Alhaji Tanimu ya juyo ya ce, “Malam Balarabe, ashe malama gare ka a gida ka ɓoye mana? To kai me ka sani a ciki?”

Wasa yake yi. Amma ni a majalisar nan ni ne mai warware gardama, ni ake tambaya shekarar da aka yi kaza, da wanda ya haifi wane. Kalma uku ce ta gagare ni: ban sani ba. Na ji kunya a ce 'yar cikina ta san abin da ban sani ba, alhali abin alfahari ne aka miƙo mini a faranti. Na ce a ba ni wayar. Na sa tabaran da kika kawo mini, na dubi hoton, na yi dariya.

Na ce, “Haba jama'a! Wannan ai bayan Kufena ne. Ga ma dutsen nan mai tsaga da muke zama a kai muna yara in mun je cin kanya. Turawa ne suka zo da rani suka ɗauka, suka shafa masa jan kala, suke yi wa yara wayo.”

Majalisa ta tuntsire da dariya. Wani ya ce wallahi shi ma ya so ya gane wurin. Kika ɗago kai, abin da ba ki taɓa yi a gaban mutane ba, kika ce, “Baba, ba Kufena ba ne. Ka duba da kyau, babu ko…”

Ban bari kin ƙarasa ba. Na ce, “Ni za ki ƙaryata a gaban mutane? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tashi ki ba mu wuri.”

Kika karɓi wayarki da hannu biyu, kika ce a yi haƙuri, kika tafi. Malam Yohanna kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya naɗe rigarsa ya ce zai kama hanya kafin magariba. Kafin mako ya zagayo yaran lungunmu sun sa miki Direbar Kufena, kuma sunan ya bi ki har kika gama sakandare. Ina jin su ta tagar zaure in kin wuce, ban taɓa leƙawa na tsawata musu ba, don in na tsawata kamar na janye maganata ne.

Inda za ki, za a tambaye ki abin da ba ki sani ba, a gaban mutanen da kike son su ga girmanki. Ki ce ban sani ba. Za ki ji ɗaci na ɗan lokaci, ya wuce. Ni na guje wa wannan ɗan ɗacin, na saya wa kaina na shekara tara, na kuma ɗora miki naki ba ki ci ba ba ki sha ba. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa shi na san nauyinsa.

Da na shigo gida Innarki ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, “Malam, me ka yi wa yarinyar nan? Ta shigo ta kife a gado, ko tuwo ta ƙi ci.” Na ce tarbiyya nake yi mata, kada ƙaryar Turawa ta ɓata mata imani. Ta dube ni ta ce, “Imani dai? Ka dai san Ummi ba ta ƙarya. Kuma ni ban ji inda aka ce duban halittar Allah yana rage imani ba.” Na ce ta bar maganar. Kin ga na ƙara wani laifin, na jawo addini na lulluɓe jahilcina da shi. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan sauran, don ba ke kaɗai na yi wa ba. Kada ki taɓa fakewa da sunan Allah don ki ci gardama.

Bayan kwana kaɗan wani ya kawo rigar gaggawa, ina bukatar takarda mai faɗi in fitar da girman aljihu, na duba ban samu ba. Kina makaranta. Na shiga ɗakinku na zaro taki daga bayan gado, na sa almakashi na yanke abin da nake so daga tsakiya. Na sha gaya wa kaina cewa ban lura da abin da ke jiki ba. Ƙarya ne, na lura. Na ga ɗige-ɗigenki da lambobinki, na juya bayanta na yi zanena. Ina jin so nake abin ya ɓace daga gidan, don duk lokacin da na tuna yana nan sai in ji kamar ana tuhumata. Kika dawo kika ga saura. Kika naɗe guntayen kika kai madafa kika sa a wuta da kanki.

Yanzu ga abin da ba wanda ya sani, ko Innarki.

Mako uku bayan ranar majalisa na je Kufena. Na sa wani mai shago a Tudun Wada ya nemo mini irin hoton ya buga a takarda, na hau acaɓa da sassafe na ce wa mutanen gida zan je duba wani mai ɗinki. Niyyata in nemo wurin, in tsaya daidai inda aka ɗauka, in dawo in ajiye muku hujja. Kin ga har na fara yarda da ƙaryar da na ƙirƙira da bakina.

Na hau dutsen nan da babbar riga, ina haki, gwiwa tana ƙara. Na zagaya bayansa, na sami dutsen mai tsaga da na ambata. Na ɗaga takarda na dubi hoto, na dubi gabana. Uwata, aikina ke nan duban siffa, in na ga zane sau ɗaya ina iya fitar da shi bayan shekara. Ko kusa ba su yi kama ba. Amma ba wannan ne ya kashe mini jiki ba. A Kufena duk tsagar da na duba akwai abin da ya tsiro a ciki, ko busasshiyar ciyawa ce. Ga kashin awaki, ga ƙadangaru, ga tururuwa, ga leda ta maƙale a ƙaya, ga shaho yana shawagi. A hoton kuwa, tun daga gaban taya har ƙarshen inda ido ya kai, babu ko tsinke ɗaya. A nan na gane abin da kika fara faɗa na katse ki. Babu ko ciyawa, shi za ki ce.

Na zauna a kan dutsen har rana ta take. Ni da na yi miki karin maganar hawan rimi, ga ni na hau Kufena sukutum don in hango abin da kika gani kina durƙushe. Kunya ta rufe ni, har na ji kamar duwatsun suna kallona. Na yi niyya ina isa gida zan kira ki in ce na yi kuskure.

Na iso, kika kawo mini ruwa, kika ce sannu da zuwa. Na karɓa na sha, na ce yauwa. Na ce a raina sai gobe. Goben nan ita ce yau.

Wannan shi ne mafi muni. Ranar majalisa ban sani ba, na yi kamar na sani. Amma daga ranar Kufena na sani sarai, na yi shiru. In kin gane kin yi wa wani ba daidai ba, ki faɗa masa a ranar, kafin rana ta faɗi. Ban haƙuri in ya kwana nauyi yake ƙarawa, har ya kai inda mutum ba ya iya ɗaga shi.

Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba. Gaisuwa, abinci, wanki, ba abin da ya ragu. Abu ɗaya ne ya ɗauke: ba ki sake cewa “Baba, zo ka gani” ba. Da kina ƙarama ko ƙwaro kika samu mai kyau sai kin ja ni na gani. Daga ranar nan komai naki a bakin Innarki nake ji. Ita ta gaya mini kin zaɓi karatun duwatsu da taswira a jami'a. Ita ta gaya mini kin fita da sakamako mafi kyau a ajinku. Wannan tafiyar ma ita ta fara sanar da ni, sannan kika zo neman izini. Mutane suna yi mini barka a masallaci, ina amsawa cikin kunya, don na san ba da taimakona kika kai ba. Kin kai ne duk da abin da na yi miki.

Shekara uku da suka wuce na cire kunya na je Wusasa wurin Malam Yohanna, na ce ya nuna mini yadda ake duba motar nan a waya. Bai tambaye ni dalili ba, Allah Ya saka masa. Ya dai ce, “Balarabe, malamar tana gidanka, ka zo wurin ɗalibi.” Tun daga lokacin nake bin ta a ɓoye kamar mai satar kallo. In na ji takunki sai in kife wayar a ƙarƙashin shadda. Na ga ta hau tuddai, na ga ta gangara kwaruruka, na ga inda ta nufi wani wuri ta tarar ba ya biyuwa ta juyo ta sake hanya. Na ga hoton tayoyinta duk duwatsu sun huda su. Malam Yohanna ya karanta mini cewa mutanenta da kansu suka nuna wa duniya inda tayoyin suka huje, suka canza mata hanya saboda haka, ba su ɓoye ba. Kuma na lura takan waiwaya ta ɗauki hoton sawunta, da inda ya miƙe da inda ya karkace. Na daɗe ina kallon irin waɗannan hotunan, sun fi sauran taɓa ni.

Ke ma in kin je can kada ki yi gaggawa. Ki tsaya ki duba kafin ki taka, ki yi shawara da waɗanda suka riga ki, in hanya ta ƙi ki juyo ba tare da jin kunya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Amma wannan ke kika koya wa majalisa tun kina shekara goma sha biyar, ni maimaitawa kawai nake yi.

Da maganar tafiyarki ta tabbata, na yi tunanin in zana miki taswirar nan sabuwa a kan farin yadi, da tuddanta yadda kika so su fito, in ba ki a matsayin guzuri. Har na sayi yadin. Sai na gane dabara ce irin tawa, ina son hannu ya sake fitar da baki kunya, in ba ki kyauta ki yi godiya a wuce wurin ba a ce komai ba. Na mayar da yadin cikin adaka.

Abin da na yi maimakon haka shi ne, jiya bayan la'asar na je majalisa. A gaban mutane na ƙaryata ki, a gabansu ya kamata in gyara. Mutum uku daga cikin waɗanda suka yi dariya ranar nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Na ce wa sauran ina da magana. Na ce shekara tara da suka wuce na ce hoton da 'yata ta nuna bayan Kufena ne, ƙarya na yi, ita ce mai gaskiya, kuma na san haka tun a watan na ɓoye.

Alhaji Tanimu ya karkato kunne ya ce, “Wane hoto ke nan?” Ba wanda ya tuna, Uwata. Wani ya ce, “Haba Malam, wannan ai ba abin damuwa ba ne, yara ai mantuwa gare su.” Suka koma hirar tsadar taki. Mutanen da na wulaƙanta ki don su ga girmana, ko tunawa ba su yi ba. Ashe duk shekarun nan mu biyu kaɗai ke ɗauke da abin, ni da ke. Na taso na shigo gida.

Saura ke. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanki ba, kuma da tana raye ta ga abin da na yi wa takwararta, da ban kwana a gidan nan ba sai na durƙusa. To ga shi na durƙusa. Na ƙaryata ki kina da gaskiya, na bari aka yi miki dariya, na yanke aikin hannunki da sani, na gane kuskurena na yi shiru. Ki yafe mini don Allah.

Abu ɗaya nake roƙo. Gobe da safe in kin zo gaishe ni, kada ki ce “Ba komai, Baba” don ladabi. Na san ki, za ki faɗa tun kafin ki gama durƙusawa, ni kuma zan gane ta baki ce. Akwai komai. In zuciyarki ba ta sauko ba tukuna, ki gaishe ni kamar kullum ki tashi, ba zan yi fushi ba, kuma albarkata tana tare da ke ko kin yafe ko ba ki yafe ba. Ki tafi da maganar, ranar da ta nuna ki aiko mini. Na sa ki jira shekara tara, ba ni da bakin cewa ki yi sauri. Sai dai ki riƙa tunawa na haura sittin da biyar.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, da damanki da hagunki. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya buɗa miki abin da kika je nema, Ya sa ki fi ubanki saurin cewa na yi kuskure. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Malam Balarabe mai zanen riga.